Takardar Mazarƙwaila

Zulkifilu ya zo zance wajen Badi'a, ya riƙo mata mazarƙwaila daga kasuwar Makarfi. Tana warware ƙunshin ta gane takardar. Shafin littafinta ne, wanda ya yi kwantai har ta rantse ta bar rubutu. Ta ji kamar ta nutse.

Kanta a sunkuye ta ce, "Malam, dariya ka zo yi mini?"

Ya ce, "Duk ran kasuwa nake komawa wajen mai mazarƙwailar ina tara shafukan. Na ƙarshen ne ta naɗe wa wani. Yarinyar cikin littafin ta amince da saurayin kuwa? Sai na ji zan turo magabatana."

Ta ɗago.

"A wancan littafin ta ƙi shi. Ara mini bironka."