Zaure Ɗaya, Rabo Ɗaya

Sabuwar doka ta ce mai neman digirin digirgir a lissafi, a unguwarsu za a fara gwada bincikensa. Na Uwani kan rabon ruwa ne, kuma ta ƙirga kowane zaure a matsayin gida ɗaya.

Ta tarar da mahaifiyarta a bakin famfon unguwa, bokiti a bushe.

"Ke da kika tashi a gidan yawa!" Inna ta daka mata tsawa. "Kin manta sassa nawa ne bayan zaurenmu? Ce wa famfon nan ya buɗe!"

"Inna, sai an gama gwaji."

Famfon ya amsa da muryar Uwani da aka naɗa a cikinsa: "Zaurenku ya karɓi rabonsa. A yi haƙuri."

Inna ta cilla mata bokitin. "Ungo, kai wa ƙannenki haƙurin su sha."