Ƙunshin Shagon Hoto

Auta ya ture kwanon abincin da bai taɓa ba, ya ɗora kwamfutarsa a cinya, ya shiga kwamfutar shagon Yaya daga nesa. Kalmar sirrin tana nan yadda ya bar ta. Dama Yaya ba mai canza komai ba ne. Mutumin da har yau yake zama a kan kujerar da ya buɗe shago da ita, ina zai tuna da wata kalmar sirri?

Shagon na ɗaukar hoto ne, manhajar da ke adana hotunan kuma Auta ne ya rubuta ta. Kullum da an tashi aiki sai ta kwashe abin da aka jefa a jakar ajiya, ta kira laburaren matse fayiloli, wato wata ƙaramar manhaja mai dunƙule su wuri ɗaya, ta buɗe babban ƙunshin shagon, ta ƙara sababbi a kan na da, sannan ta goge na waje don a samu wuri. In wani ya dawo neman hoton aurensa na shekarun baya, sai a kwance ƙunshin a ciro masa. Yaya bai san kan abin ba ko kaɗan, amma bakinsa ba ya rufuwa wajen yi wa abokai alfahari da aikin ƙanensa.

Wayar Umma ce ta raba su. Lokacin da ciwonta ya yi tsanani Auta yana aiki a wani gari, kullum yana cewa mako mai zuwa zai taho. Da ta ga jikin ya ƙi, sai ta riƙa danna wayarta tana yi masa magana a ciki, tana ajiyewa, don ba ta iya turawa ba. Ya iso an riga an binne ta. Da gida ya lafa ya ji labarin maganganun, ya tambayi wayar, sai ga ta a hannun matar Yaya, an share abin da ke cikinta tas, an sa mata sabuwar riga mai furanni.

"Waya ce fa kawai, Auta," in ji Yaya. "Zauna mu yi magana."

Bai zauna ba. Ya faɗa wa yayansa maganganun da ba a faɗa wa na gaba, ya fice, ya toshe lambarsa. Ko Anti, babbar yayarsu, in ta kira ta ambaci Yaya sai ya katse. Shi ma Yaya da taurin kansa ya ce wanda ya fita da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa. Wata ya bi wata, abin yana cin Auta a rai. Maganar ƙarshe da uwarsa ta yi masa an share ta don a faranta wa mace, wallahi sai Yaya ya ɗanɗana yadda ake rasa abin da ba ya dawowa.

Laburaren yana buɗe ƙunshi ta hanya biyu. Ko dai a ce masa ya ƙara a kan abin da ke ciki, ko a ce ya ƙirƙiri sabo. In aka ce sabo kuma akwai tsoho mai wannan suna, ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, zubar da tsohon yake yi ya zuba na yau a gurbinsa. Auta ya dubi girman ƙunshin, ya ga ya yi ƙiba fiye da yadda ya san shi, ya taɓe baki. Bai ko leƙa ciki ba. Ya gyara layi ɗaya a manhajar ya koma cewa sabo, ya tabbatar faifai na biyu, na ajiyar ko-ta-kwana, shi ma zai kwafi sabon ya danne tsohon, ya rufe kwamfutarsa. Sai a lokacin yunwa ta kama shi, ya cinye abincin da sanyinsa.

Kwanaki suka shige ba wanda ya lura, kowace yamma manhajar tana rubuta sabo a kan inda tsohon ya kwanta. Sannan labari ya fara zuwa wa Auta ta bakin wani abokinsa tela, maƙwabcin shagon. Wata mata ta zo karɓar hoton marigayi mijinta, aka kwance ƙunshi, babu komai sai hotunan jiya. Uwar wata amarya ta ci kwalar Yaya a gaban jama'a. An kira mai gyaran kwamfuta, ya yi ta fama, ya ce an taka wurin da yawa, ko ƙura ba za a samu ba. Auta yana ji yana cewa Allah sarki, a ransa kuwa daɗi kamar ya tashi ya taka rawa.

Da hantsi wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofarsa. Yaya ne, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Auta ya gyara tsayuwa, don ya daɗe da shirya amsar da zai mayar in an zarge shi.

Yaya bai zarge shi ba. Ya zauna a bakin gado ba tare da an ce ya zauna ba, ya ajiye faifan kwamfutar shagon a kan katifa, ya ce ya san shagon ya mutu, kuma ba don shagon ya zo ba. Tunda Auta ne ya gina abin, wataƙila ya san wata dabara da mai gyara bai sani ba.

"Abu ɗaya kawai za ka ciro mini," ya ce. "Kafin in ba da wayar nan sai da na kwashe duk maganar da Umma ta yi maka na jefa a ƙunshinka, don nan ne kaɗai na san abu ba ya ɓata."