Lilon Harobanda

"Sun sake ƙi, Iya," in ji Harouna tela, yana miƙo mini wayarsa kamar na iya Faransanci.

Kun san ni, ba na shiga maganar mutane, sai dai ta same ni a ƙofar gida. Wai akwai wani wasan waya da samari ke yawon gari suna taruwa a wuraren da aka yi wa alama. Harouna na ta aika hoto yana son a saka filin lilon unguwarmu Harobanda a wasan, ko jama'a ta cika shi a fasa sayar da shi. Filin kuwa a kulle yake tun shekarar da kogi ya shigo mana gidaje.

"Me masu wasan suka ce?"

"Wai ba a karɓar hoto da fuskokin yara. In bari su sauka daga lilo."

Na leƙa hoton a wayar. Ciyawa ce kawai da tsatsa.

"Ɗan nan, bar wurin nan."

Ina! Ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon, ya shiga, ya ɗauki sabon hoto, ya fito ya bar ƙofa a wangale.

Washegari da hantsi ya zo yana washe baki. "An karɓa, Iya! Sun ce yanzu filin babu kowa."

Bai rufe baki ba matarsa Zeinabou ta kira. Da kunnena na ji.

"Harouna, yaran wa ka turo mini? Sun cika tsakar gida, jikinsu sharkaf da ruwa, kuma sun ƙi magana."