Ranar da Tauraron Aziza Ya Fashe

"Inna, ina wayata?" Aziza ta zazzage jaka, ta ɗaga tabarma.

Wata uku ke nan tana jiran ƙara ɗaya. Duk lokacin da na'urar da ke jikin tauraron ɗan'adam ta hango walƙiyar gamma, wato hasken da tauraro mai nisa ke fesowa in ya tarwatse, sai wayar ta saki jiniya. Dole ta bi sawun hasken kafin ya dushe, in ba haka ba digirinta ya ƙara shekara.

"Babanki ya tafi da ita gona."

Ta haye acaɓa, ta dira bakin kanal a Bunkure tana haki. Ga wayar can ɗaure a kan sanda, tsakiyar shinkafa. Saƙon ya shigo tun awa uku da suka wuce.

"Baba! Tauraro ya fashe, ya wuce ni!"

Malam Hambali ya washe baki. "Ai na ji! Tun ranar da kika gwada mana kukan nan na ce wannan maganin tsuntsaye ne. Ko ɗaya bai saura ba. Ki ce musu su sake fasa wani gobe da hantsi, saura sati biyu girbi."