Kwaɗon Ɗakin Ƙarshe

Guduma ta sauka, kwaɗon ya faɗi ƙasa. Mai gidan ya tsaya yana haki.

Tun shekarar da rikici ya kori 'yan Gabas daga Minna ɗakin nan yake kulle. Ɗan hayarsa, ma'aikacin reluwe, ya riƙe masa hannu a tasha ya ce, "Baba, kada ka ba kowa. Zan dawo."

Aka yi yaƙi aka gama. Masu neman ɗaki suna sintiri, yana korarsu. Gara ta haye bango. Duk kukan jirgin ƙasa sai ya zabura ya leƙa titi.

"Malam, gidan haya ne wannan ko maƙabarta?" in ji matarsa jiya.

Yau kafin azahar an fitar da kayan tsohon ɗan hayar tsakar gida, sabon ɗan haya ya shimfiɗa tabarmarsa.

Jirgin yamma ya yi kuka. Yau bai leƙa ba.

Sai ga wata ramammiyar mata cikin baƙaƙen kaya a bakin ƙofa.

"Baba, mijina ya mutu. Ya ce in zo, ɗakinmu yana nan."

Ta buɗe tafin hannunta. Makulli ne, ko ɗigon tsatsa babu.