Makin Lamba Huɗu

Takardar tana ƙarƙashin ƙofa kamar kullum, gefenta ɗaya a jiƙe. Koci ta ɗauka ta zauna, ko jakarta ba ta ajiye ba.

Wata uku ke nan da aka ba ta ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan matan kwalejin. Wasanni biyu na farko an yi musu dukan tsiya. Washegarin na biyun takarda ta fara zuwa. Rubutun fensir ne: lambar kowace 'yar wasa, maki bisa goma, sai 'yar magana a gaba. Ba suna, ba sa hannu. "Lamba tara: takwas. Ta yi aiki." "Lamba shida: uku. A bincika ko barci take yi a tsaye." Koci ta gwada. Ta zaunar da shida, ta saka tara. Suka ci. Suka sake ci. Jiya suka ci na shida a jere.

Ba ta taɓa tambayar wa ke rubutawa ba, don ta sani. Tsohon kocin da ta gada, wanda 'yan matan ke kira Baba Usur, ba ya fashin wasa. Yakan zauna can layin sama, hula a kan hanci, ba tafi, ba ihu. Irin wannan nutsuwa sai wanda ya san abin.

Yau kuwa akwai aiki. Gasar kofi jibi ce. Suna goma sha biyu ake karɓa, ita kuma 'yan wasanta goma sha uku. Kafin sha biyun rana za ta miƙa wa Daraktan Wasanni sunayen, in ya buga hatimi shi ke nan, ba gyara.

A ranta ta riga ta gama. Auta za a bari, mai lamba sha biyar. Jiya ko minti ɗaya ba ta shiga ba. Tana ƙarshen benci, gefen tagar da rana ke duka, ta ɗora rigar sanyi a kan rigar wasa, tana cin farce, tana zabura duk lokacin da alƙali ya busa usur.

Koci ta buɗe takardar.

"Lamba sha biyar: goma. Yarinyar nan ta ba da ranta."

Ta murza ido. Ta sauka ƙasan takardar.

"Lamba huɗu: ɗaya. Biki ta zo."

Lamba huɗu ita ce Kyaftin. Maki ashirin da huɗu ta jefa jiya, ita kaɗai.

Koci ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Sai ta fara tunowa. Ai kuwa sau biyu Kyaftin ta bar wata gajeriya ta wuce ta. Kuma tun da yayarta ta dawo daga tafiya da tsaraba, yarinyar ta canza. Kafin kowane wasa sai ta tsaya gaban madubi, ta fesa wannan, ta goga wancan, ɗakin canza kaya ya koma kamar shagon turare. Girman kai ya fara shiga. Tsohon ya hango abin da ita ba ta hango ba.

Ta aika aka kira Kyaftin, ta gaya mata ita za a bari.

"Koci, ashirin da huɗu fa na jefa!"

"Jifa kowa yana yi."

"To Auta fa? Ko ƙwallon ba ta taɓa ba! Ruwa ma da aka ce ta miƙo mana, zubar da shi ta yi."

"Akwai aikin da ido ba ya gani."

"Wallahi nawa idon ma bai gani ba."

"Shi ya sa ba ke ce koci ba. Jeki."

Kyaftin ta fita ta bugo ƙofa. Auta kuwa da aka gaya mata tana cikin tafiya, sai ta tambaya ko wani laifi ta yi.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi Koci ta nufi ofishin Darakta. A baranda ta yi karo da Gwaggo, tsohuwar da ke wanke musu kayan wasa, ɗauke da baho a ka. Ta ce mata sannu, ta wuce. Darakta ya duba sunayen, ya dube ta, ya sake duba sunayen.

"Kin tabbata?"

"Ina da masu ba ni shawara."

Ya buga hatimi.

A hanyar dawowa ta tarar da Baba Usur a gindin bishiya, bakin filin. Ta ga ya kamata yau dai ta yi godiya. Ta rusuna.

"Baba, na bi takardarka. Na ajiye Kyaftin."

"Kin ajiye wa?"

"Kyaftin. Kamar yadda ka rubuta."

"Ni? 'Yata, ni barci nake zuwa yi wurin nan. Jikoki ba sa barina a gida. Jiya ma wa ya ci?"

Koci ba ta san lokacin da ta iso ƙofar ofishinta ba. Gwaggo na tsaye a wurin, riguna a ninke a hannu, guntun fensir maƙale a ɗankwalinta.

"Kin ga saƙona, uwar ɗakina? Lamba huɗun nan ku sa mata ido. Sati uku ke nan ba ta taɓuka komai."

Koci ta dubi fensirin. "Gwaggo... ke ce? A ina kike zama in ana wasa? Ban taɓa ganinki ba."

"Wane wasa? Ni ko ƙofar filin ban taɓa leƙawa ba," in ji Gwaggo, tana miƙa mata rigunan. "In an kawo min wanki, hammatar kowace riga nake shinshinawa."