Muryar Dodon Sama

Injiniya tana ƙwanƙwasa ɓawon kwakwa biyu a kan tebur, dawakan mafarauta suna sukuwa a cikin na'ura, sai Manaja ya banko ƙofar ɗakin ɗaukar murya. Ko jar fitilar da ke kunne bai duba ba.

"Ranar Asabar ki kawo min shi gida," in ji shi. "Mai tashar da kansa zai zo ganinsa. In babu shi, ke ma ki nemi wani aikin."

Wanda ake nema shi ne mai muryar dodo a cikin wasan kwaikwayon da tashar rediyonsu ke sawa duk Asabar da yamma. Labarin wasu mafarauta ne a ƙarni na goma sha tara, da dawakai da bindigogin toka, suna bin sawun wata halitta da ta faɗo daga sama cikin jirgi kamar faranti. Kwanon rufi ne tsawa. Tsohuwar fanka ce jirgin. Duk aikin Injiniya ne, shekara goma sha ɗaya ke nan tana yi, kuma har yau Manaja bai riƙe sunanta ba.

Da farko wasan bai da kasuwa. A mako na huɗu Manaja ya sallami ɗan wasan da ke yin dodon, ya ce gurnani ba sana'a ba ce, kowa ma zai iya. Ya ba Injiniya kwana uku ta samo wani a kyauta.

Ta samo. Asabar ɗin nan da dodon ya buɗe baki, sai da direbobi suka rage gudu. Wani gurnani ne mai fitowa daga can ƙasan ciki, ya ja, ya ja, ya tsaya cak har sai ka ɗauka ya mutu, sannan ya fashe da wani irin kukan ƙofar da ta yi tsatsa. Wayoyin tashar suka ɗauki ruri. Masu ba da talla da suka gudu suka dawo suna roƙo.

Nan fa Manaja ya tuna ashe dabararsa ce. A taron ma'aikata na kowace Laraba, wanda yake kira bayan abincin rana, ya bayyana cewa shi ya hango baiwar mutumin tun daga nesa. Daga nan ya ba marubucin wasan dama ya karanto shiri na gaba, shi kuma ya jingina ya lumshe ido, don a haka ya fi zurfafa tunani. Injiniya ba ta taɓa fashin taron ba. Kujerar kusa da shi take zama, wayarta a kife a gabanta.

Wani likita ya bugo waya a shirin ra'ayin masu sauraro, ya ce a iliminsa wannan sauti na halitta ce mai ƙaton tumbi da gajeren wuya, wadda ke ci ta ƙoshi ba ta motsa jiki. Manaja ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka maimaita hirar sau uku.

Sau ɗaya aka samu tangarɗa. Manaja ya tafi taron ƙara wa juna sani na mako biyu, sai marubuci ya tura dodon cikin kogo, ba a ji ɗuriyarsa ba. Masu sauraro suka yi ta ƙorafi. Da ya dawo ya tara kowa.

"Kun gani ko? Da na ɗaga ƙafa sai komai ya tsaya."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya.

Amma duk yadda ya matsa, ta ƙi faɗin ko wane ne. Mutumin bai san ya yi suna ba, ta ce, kuma gara a bar shi a haka. Shi ya sa aka kai ga wa'adin Asabar.

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa sabuwar darduma a falon Manaja, aka ɗora rediyo a tsakiyar tebur. Mai tashar ya zauna a babbar kujera, masu talla biyu a gefensa. Matar gidan ta gaishe su ta koma kicin. Ita dama ba ta sauraron tashar mijinta, ta ce wanda take ji a gida ya ishe ta.

Injiniya ta shigo ita kaɗai.

"Ina yake?" Manaja ya tambaya a hankali, yana taɓa aljihun da takardar korarta take.

"Yana nan kusa, ranka ya daɗe."

Shiri ya fara. Manaja ya miƙe tsaye yana yi wa baƙi bayani: da ka ji muryar ka san babu tausayi a cikinta, babu ko ƙwayar hankali, ci kawai. Mai tashar yana gyaɗa kai. Dawakai suka tsaya a bakin kogo. Babban mafarauci ya ɗana bindiga. Manaja ya ƙure ƙarar rediyon, ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit.

Dodon ya ja, ya ja, ya tsaya cak. Sannan ya fashe, har kofuna suka yi ƙara a kan faranti.

Sai ga muryar matar gidan daga kicin, ko leƙowa ba ta yi ba:

"Haba Maigida! A gaban baƙi ma? In barci za ka yi ka tashi ka shiga ɗaki, minsharinka ya hana mutane jin rediyo!"